Andrew Luck Bai Ci Amanar Kowa Ba

Daren 24 ga Agusta 2019, a filin wasa na Lucas Oil da ke birnin Indianapolis a Amurka, ƙungiyar Colts tana buga wasan share fage da Chicago Bears. Ana cikin wasan sai labari ya bazu a wayoyin 'yan kallo cewa Andrew Luck, madugun ƙungiyar, ya yanke shawarar barin ƙwallo. Shi kuwa yana tsaye a gefen fili da tufafin gida, don ciwon ƙafa ya hana shi wasa. Da aka tashi, yana tafiya zuwa ɗakin canza kaya, sai wani ɓangare na magoya bayan ƙungiyarsa suka bi shi da ihun tir. Shekarunsa 29. Daga baya a wannan daren ya tsaya gaban 'yan jarida, murya na rawa, ya amsa cewa ya ji ihun kuma ya yi masa ciwo.

Hujjar masu ihun guda ce, kuma har yau ita ce take yawo a bakin mutane duk lokacin da aka ambaci dukiyar 'yan wasa: wanda ake biya miliyoyin daloli ba shi da bakin kuka. Da masu ihun Hausawa ne, da sai su ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ina ganin wannan hukunci zalunci ne, kuma ya ginu ne a kan rashin duba yadda kuɗin yake shigowa, da hannun da yake zuwa, da abin da ake bayarwa a madadinsa.

A ƙwallon Amurka, wadda mafi yawanta da hannu ake yi, mai riƙe da matsayin kwatabak, wato matsayin Luck, shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili, ya jefa wa wanda ya ga ya kuɓuta. Yana da kamar daƙiƙa uku kafin ya saki ƙwallon. A cikin waɗannan daƙiƙu, ƙarti masu nauyin kilo 120 zuwa sama suna ta ƙoƙarin keta katangar mutum biyar da ke tsare shi don su kai shi ƙasa. Idonsa yana can nesa wajen wanda zai jefa wa, hannunsa na sama, haƙarƙarinsa a buɗe, ba ya ma ganin mai zuwa ta bayansa. A shekarun da Luck ya yi a gasar NFL, sau 174 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu. Wannan lissafi bai haɗa da bugun da yake sha bayan ƙwallon ta bar hannunsa ba.

Ga abin da jikinsa ya gani. A 2015 guringuntsin haƙarƙarinsa ya tsage. A Nuwamban shekarar, a wasa da Denver Broncos, aka buge shi har ƙodarsa ta tsage, naman cikinsa ma ya yage. Bai fita ba. Ya ƙarasa wasan, ƙungiyarsa ta ci 27 da 24, sai bayan an tashi aka ga jini a fitsarinsa. A 2016 ya samu buguwar ƙwaƙwalwa. Kafaɗar da yake jifa da ita ta daɗe da rauni yana wasa da ita a haka, har aka yi masa tiyata a Janairun 2017, kakar wannan shekarar gaba ɗaya ta wuce bai taka fili ba. Ya dawo a 2018, ya jefa ƙwallaye 39 da aka ci maki da su, ya kai ƙungiyar zagayen fitar da gwani, aka ba shi lambar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa. Sannan ciwon sha-raɓa da idon sawu ya taso a 2019, ya ƙi jin magani. Mutumin da ya ƙarasa wasa da tsagaggiyar ƙoda, shi wasu masu sharhi suka kira rago, har da mai cewa halin yaran zamani ne da ba sa son wahala. Wanda ya faɗi haka daga kan kujerar gidan rediyo ya kamata ya ji kunya.

To, mu zo kan kuɗin, tunda shi ne makamin. A 2016 Luck ya sa hannu a kwantiragin kimanin dala miliyan 140 na shekara shida, wanda a lokacin babu kamarsa a tarihin gasar. Kuɗi ne mai yawa, babu mai musu. Sai dai kuɗin nan ba sadaka ba ne. Ƙungiyar Colts wasa 2 ta ci cikin 16 a 2011. Da Luck ya zo a 2012 ta ci 11, ta sake cin 11 a 2013, ta sake a 2014. A Janairun 2014 Kansas City Chiefs ta ba su ratar maki 28, ya jawo su suka ci 45 da 44. Kujerun da suka cika, rigunan da aka saya masu lamba 12, wasannin dare da gidajen talabijin suka yi rububin nunawa, duk daga hannun nan na dama suka fito. Aikin da aka biya shi dominsa ya riga ya yi shi, har da ƙari. Askin an yi shi tuntuni.

Kuma kafin wannan kwantiragi fa? A nan ne masu lissafin dukiyar 'yan wasa suke rufe ido. Luck ya yi shekaru yana buga wa jami'ar Stanford wasa a lokacin da doka ta hana ɗalibi karɓar ko sisi daga wasansa ko daga sunansa, dokar da ba a sassauta ba sai 2021, alhali jami'o'i da gidajen talabijin suna kwasar kuɗi da guminsu. Da ya gama, ba shi ya zaɓi inda zai yi aiki ba. A tsarin NFL, ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa ita ke fara zaɓen sabbin 'yan wasa, wanda aka zaɓa kuma ya tafi ko ya zauna a gida. Albashinsa ma an riga an ƙayyade masa. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a shekarar, ya samu kwantiragin dala miliyan 78. A 2011 aka yi sabuwar yarjejeniya da ta rage abin da sababbi ke samu, don haka Luck da aka fara zaɓa a 2012 ya tashi da kimanin miliyan 22 na shekara huɗu. Shekarunsa na ƙuruciya da cikakkiyar lafiya, waɗanda ya fi amfanar ƙungiyar a cikinsu, a farashi mai rahusa aka saye su.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake neman amana daga ɓangare ɗaya. Wa Luck ya gada? Peyton Manning, wanda ya yi wa Colts shekara 14 kuma ya ciyo mata kofin Super Bowl. Da wuyansa ya samu matsala, aka yi masa tiyata fiye da ɗaya, ya rasa kakar 2011, sai ƙungiyar ta sallame shi a Maris 2012, kafin ranar da za ta biya shi dala miliyan 28. An yi jawabi, an zubar da hawaye, aka ce ai harka ce ta kasuwanci. Mutane suka karɓi wannan uzuri. Idan ƙungiya ta duba jikin ɗan wasa ta ce ba zai ƙara mata amfani ba, kasuwanci ne. Idan ɗan wasa ya duba jikinsa ya ce ya isa haka, sai a ce cin amana. Wane irin ma'auni ne wannan?

Ita kanta ƙungiyar yaya aka yi ta zo Indianapolis? A Baltimore take, sai mai ita, Robert Irsay, ya sa aka loda kayanta a manyan motoci cikin dare a Maris 1984, mutanen birnin suka wayi gari babu ƙungiya. Filin da aka yi wa Luck ihu a cikinsa kuwa an buɗe shi ne a 2008, ya ci kimanin dala miliyan 720, kuma abin da ƙungiyar ta zuba bai wuce kimanin miliyan 100 ba. Sauran an ɗora shi a kan jama'a ta hanyar haraji, har da ƙarin haraji a kan abincin da ake saya a gidajen cin abinci. Ke nan matar da ta shiga sayen abincin rana a birnin, ko ba ta taɓa kallon wasa ba, tana biyan kuɗin ginin da iyalin attajiri ke cin ribarsa. Ga inda kuɗin talaka ya shiga aljihun mai kuɗi ba da son ransa ba. Albashin Luck kuwa daga kason 'yan wasa yake fitowa, wanda bai kai rabin abin da gasar ke samu ba. Da an rage masa, ba mai sayen tikiti za a mayar wa ba. A 2021 gasar ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da ta kai kimanin dala biliyan 110 na shekara 11, a 2023 kuma aka sayar da ƙungiyar Washington Commanders a kan fiye da dala biliyan 6. Mafi yawan masu waɗannan biliyoyi ba a taɓa kayar da su a fili ba, kuma sunansu bai cika fitowa a hirar da ake yi kan kuɗin banza ba.

Akwai magana ɗaya da masu sukar Luck suke da ita wadda ba zan wofintar ba: lokacin da ya zaɓa. Saura mako biyu a fara kaka, mutane sun riga sun sayi tikitin shekara, wasunsu da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, suna sa ran wannan karon za a kai ga kofi. Baƙin cikinsu na gaskiya ne. Amma mutum ba ya zaɓa wa ciwo ranar da zai ƙi warkewa. Luck ya shafe watanni yana jinyar ƙafar da niyyar dawowa, kuma abin da ya faɗa shi ne ya gaji da zagayen rauni, zafi, jinya, sake rauni, har wasan ya daina yi masa daɗi. Da ya so cin kuɗin banza, hanyar a buɗe take: ya yi shiru, a sa sunansa cikin jerin masu jinya, ya ci gaba da karɓar albashi yana zaune. Ya ƙi. Ya bar kusan dala miliyan 58 da suka rage a kwantiraginsa, ban da abin da zai samu a na gaba, a kasuwar da cikin shekara guda ta ba Patrick Mahomes kwantiragin dala miliyan 450. Mai kwaɗayi ba ya yin haka. Shi ma Jim Irsay, mai ƙungiyar a lokacin, bai nemi Luck ya dawo da kimanin dala miliyan 25 da doka ta ba shi damar karɓa ba, kuma wannan abin a yaba masa ne.

Idan ana neman wanda za a tuhuma da gajarta zamanin Luck, a duba waɗanda aka ba alhakin tsare shi. A kakarsa ta farko sau 41 aka kayar da shi, a 2016 ma sau 41. Shekara da shekaru ƙungiyar ta kasa gina masa katanga mai ƙwari. Sai a 2018 ta ɗauki Quenton Nelson a zaɓe na shida, ta gyara layin gaba, kuma a wannan kakar sau 18 kaɗai aka kai shi ƙasa, mafi ƙaranci a duk gasar. Ashe abin mai yiwuwa ne tun farko. An yi shi ne bayan kafaɗa da ƙoda sun riga sun tafi.

Ba kuma a cikin duhu ya yanke shawara ba. Mahaifinsa, Oliver Luck, ya taɓa riƙe wannan matsayi a ƙungiyar Houston Oilers, don haka ya san yadda tsofaffin 'yan wasa suke ƙarewa. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka wallafa cewa cikin ƙwaƙwalwa 111 ta tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar bayan mutuwarsu, 110 suna ɗauke da cutar CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi bayarwa, don haka adadin ba ya wakiltar kowa. Duk da haka Ken Stabler, wanda ya ci kofi da Oakland Raiders a wannan matsayi, an same shi da ita bayan ya rasu a 2015. Matashi mai digiri a fannin zanen gine-gine, matarsa na da juna biyu, ya zaɓi lafiyarsa a kan wasa. Me ya rage da za a zarge shi da shi?

Dukiyar Luck ta yi masa amfani guda da ya fi gida da mota: ta ba shi ikon cewa a'a. Ya koma Stanford ya ƙara karatu, a ƙarshen 2024 kuma jami'ar ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar ƙwallonta. Mafi yawan waɗanda suka yi wasa tare da shi ba su da wannan iko. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai fi shekara uku da 'yan kai ba. Sabon shiga a 2019 mafi ƙarancin albashinsa dala 495,000 ne, kafin haraji da kason wakili, kuma kwantiragin galibinsu ba shi da tabbas, ana iya sallamar mutum ranar Talata albashi ya tsaya. Irin wannan ɗan wasa yakan ɓoye ciwo, ya karɓi allurar kashe zafi ya shiga fili, don ya san akwai wani a bayansa yana jiran gurbin. Idan ya cika sharuɗɗa, inshorar lafiyar da gasar ke ba shi bayan ya bari shekara biyar ce, alhali ciwon gwiwa da na ƙwaƙwalwa sukan bayyana ne bayan shekara goma ko ashirin. Wanda bai kai kaka uku ba, ko wannan biyar ɗin ba zai samu ba.