Malamin Aji da Kwamfuta: Wa Zai Koyar da Mai Koyarwa?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta kacokan. A farkon shekarar 2024 WAEC ta fara gwada irin wannan tsari ga masu zana jarrabawa daga waje, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana cewa gwamnati na son WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. Ko an cim ma wa'adin ko an ɗaga shi, alƙiblar ta riga ta fito fili. Yaron da ke zaune a aji yau a Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa ko Unguwa Uku, a gaban allon na'ura za a yanke masa hukuncin karatunsa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce halin da malaminsa yake ciki.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu fara kawarwa. A ƙaramar hukumar Tarauni kasuwar waya ta Farm Centre take, kuma da wuya ka sami malamin makaranta a yankin nan da ba ya riƙe da babbar waya, yana WhatsApp yana Facebook. Wannan ya sa wasu ke zaton ai an gama. Ba haka ba ne. Shafa fuskar waya daban, zama a gaban kwamfuta daban. Malami na iya kwana yana muhawara a Facebook, amma a ce ya buga tambayoyin jarrabawa guda arba'in, ya adana fayil ɗin inda zai same shi gobe, ya tura wa shugaban makaranta ta imel, sai ka ga gumi ya karyo masa. Daga nan sai shagon buga takardu, ya biya daga aljihunsa, kuma tambayoyin su ratsa hannun wanda bai kamata ya gan su ba. Sau nawa jarrabawa ke fita ta wannan ƙofa, ana zargin ɗalibai?

Abin da ake nema daga malamin aji ba mai yawa ba ne, kuma bai kamata a tsoratar da shi da manyan sunaye ba. Ya iya rubutu da tsara shi, ya iya jera makin ɗalibai a jadawalin da zai yi masa lissafi, ya iya haɗa kwamfuta da majigi ya nuna hoto ko taswira ko ɗan gajeren bidiyo, ya san yadda ake nemo bayani a intanet da yadda ake tantance shi. Mai himma zai kama waɗannan cikin 'yan makonni, in ya sami na'urar da zai riƙa taɓawa kullum. Matsalar tana nan: ba a koyon kwamfuta da sauraro. Bitar kwana uku a zauren otal, mutum ɗari na kallon na'ura ɗaya, takardar shaida kawai take haifarwa. Hukumar rajistar malamai ta TRCN ma a kwamfuta take yin jarrabawar cancantarta, amma danna amsar A ko B a ɗakin jarrabawa bai nuna mutum zai iya shirya darasi ba.

Waɗanda suka fi ba mu damuwa su ne malaman Larabci da darussan addini, da malaman Islamiyya baki ɗaya. Idan an zo rabon gurbin bita, malamin kimiyya da na Turanci ake tunawa, kamar dai mai koyar da fiƙihu ba ya buƙata. Alhali ɗalibin da ya fito daga tsarin NBAIS zai zauna wa JAMB ɗaya da kowa, kuma zai amsa Larabci a kan allon na'ura. Malaminsa yana da ƙarin nauyi ma a kan takwarorinsa: sai ya koyi buga Larabci daga dama zuwa hagu, da sanya wasali a muhallinsa, domin fataha ɗaya da ta koma kisira tana iya juya ma'ana. Malamin Hausa kuwa yana fama da haruffa masu lanƙwasa, inda ƙasa ke komawa kasa. Sannan ga taskokin littattafai irin su Maktaba Shamila, waɗanda suka tara dubban mujalladai a na'ura ɗaya. Wanda ya iya amfani da su zai binciki ingancin hadisi kafin ya karantar da shi. Wanda bai iya ba, abin da aka turo masa a zauren WhatsApp shi zai kai aji, kuma mun sha jin ƙagaggun ruwayoyi a bakin yara ta wannan hanya. Malaman usulu sun daɗe da tabbatar da cewa hanyar da wajibi ba ya cika sai da ita tana ɗaukar hukuncinsa, kuma ba mu ga dalilin da zai fitar da wannan mas'ala daga ƙa'idar ba.

Sai dai adalci ya hana mu ɗora laifin a wuyan malami shi kaɗai. Lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, abin da aka fi ambata shi ne yara na zama a ƙasa, da rufin da ke yoyo, da ƙarancin malamai. Ajin da ba shi da ƙofa ba a ajiye majigi a cikinsa, kuma makarantar da ba ta ganin wuta sai ta yi tanadin sola kafin ta yi zancen kwamfuta. Albashin malamin firamare ba zai sayi kwamfutar cinya ba, balle alawus ɗin malamin Islamiyya da ke jiran kuɗin wata daga iyayen yara. Shirin AGILE da Bankin Duniya ke tallafawa, wanda Kano na cikin jihohi bakwai na farko, yana da ɓangaren koyar da fasahar zamani, amma makarantun sakandare na gwamnati ya nufa. Islamiyyun unguwa ba sa cikin wannan lissafi.

Muna kuma jan hankalin hukuma kada ta mayar da abin bulala. Mun ga yadda aka yi a Kaduna a 2017, inda aka sallami malaman firamare sama da dubu 21 bayan jarrabawar gwaji, da irin ƙurar da ta biyo baya. Dattijon da ya shekara ashirin da biyar yana koyar da karatu, ya iya riƙe aji mai yara ɗari, ba a auna shi da saurin yatsunsa. A koya masa tukuna, a ba shi lokaci da na'ura, sannan a tambaye shi.

A namu ɓangaren akwai abin da ba ya buƙatar jiran kasafin kuɗi. Yawancin Islamiyyun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a jikin masallatai suke, kuma masallatai da dama sun riga sun sa sola saboda lasifika da fanka. Kwamfuta biyar na hannu, a ɗaki ɗaya mai makulli, za su wadatar da malaman makarantu uku ko huɗu idan aka tsara musu lokaci a Alhamis da Juma'a, ranakun da ba a karatu. Matasan da za su koyar suna nan a sahunmu na salla, wasu sun gama digiri suna zaune. A ware wa malamai mata nasu lokacin da mai koyarwa mace, domin su ne ke riƙe da yawancin ƙananan azuzuwa, kuma su ake fara mantawa idan an tashi rabo.