In Rajistar Salula Ta Goge, Wa Ke da Alhakin Mutanen Kelle?

Ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙasar Gure sun san wannan damuwa: waya na nuna rezo, amma mai kira daga Damagaram ana ce masa ba a samun lambar. Akan ɗora laifin ga nisa ko ga duwatsun Kutus da ke kewaye da Kelle. Wani lokaci kuwa matsalar tana can cikin na'urorin kamfani, inda ake ajiyar sunayen masu layi.

Kowane kamfanin salula yana da babbar rajista, wadda injiniyoyi ke kira HLR, mai ɗauke da lambar kowane mai layi, da abin da aka yarje masa, da yankin da aka gan shi na ƙarshe. Akwai kuma rajistar baƙi, VLR, a kowace cibiyar haɗa kira. Idan falke ya kora bisashe daga Kelle zuwa kasuwar Maigatari a Najeriya, rajistar baƙi ta can za ta karɓi bayanansa daga babbar rajista ta gida, kamar yadda fatoma ke rubuta baƙon da ya sauka a masaukinsa. Da wannan rubutu ne kira ke iske shi.

To, ina labari idan na'ura ta lalace? Tun shekarun 1990 Turawan da suka tsara GSM suka shata hanyar gyara. Idan rajistar baƙi ce ta goge, da zarar an kira mutum sai ta roƙi babbar rajista ta sake turo bayanansa, sannan a yi cigiyar wayarsa a duk eriyoyin yankin. Idan babbar rajista ce ta faɗi, ana tayar da ita daga kwafin ajiya, ta aika sanarwa ga rajistocin baƙi cewa a sake tabbatar da inda kowa yake. Kafin wayar mutum ta sake tuntuɓar eriya, ana iya neman sa inda ya riga ya bari. A nan ne talakan karkara ke shan kashi, domin makiyayi ko malamin makarantar ƙauye yakan kwana biyu bai shiga inda rezo yake ba. Kuma duk wannan tsari ya rataya ne ga abu guda: kwafin ajiya ya zama sabo, a ajiye shi a wani gari daban, a riƙa gwada shi.

Kada a ce wannan tsoro ne na banza. Ranar 6 ga Yuli 2012, babbar rajistar kamfanin Orange ta samu tangarɗa a Faransa, masu layi wajen miliyan 26 suka shafe kusan awa 12 ba kira ba saƙo. Majalisar dokokin ƙasar ta kira shugaban kamfanin, Stéphane Richard, ya yi bayani, aka kuma biya jama'a diyya da kiran kyauta na yini guda. Wannan a ƙasar da wuta ba ta cika yankewa ba ke nan. Nijar kuwa ta ga yadda Najeriya ta katse mata lantarki a watan Agusta 2023, ba a maido ba sai a Maris 2024. Na'urar da ke rayuwa bisa janareto kullum tana bakin rami.

Kamfanoni za su ce ajiya biyu tana da tsada, kuma ƙauyuka ba su kawo riba. Gaskiya ne akwai tsada. Amma lasisin da ƙasa ta ba Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms na ƙasa ne baki ɗaya, kuma kuɗin katin mutumin Kelle daidai yake da na mutumin Yamai. Ta layin nan ake aika kuɗi, ta nan ake kiran motar asibiti idan haihuwa ta zo da gardama.

A Nuwamba 2024 hukumomin sadarwa na Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan soke ƙarin kuɗin amfani da layi a tsakaninsu. Mataki ne mai kyau, sai dai yawan matafiya na nufin yawan dogaro ga rajistocin baƙi.

Saboda haka ya wajaba hukumar ARCEP ta tilasta wa kowane kamfani gwada farfaɗo da rajistarsa a gaban masu bincike kowace shekara, ta buga sakamakon. Duk katsewa mai tsawo a bayyana dalilinta a rediyo da Hausa da Barbarci da sauran harsunan ƙasa, a biya diyya ba sai an roƙa ba. A kuma yarje wa mai layi ya hau eriyar wani kamfani idan ta nasa ta mutu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mahukunta su fara tambayar kamfanoni tun rajista tana da ranta.