Lasisin Koyarwa Da Malaman Makafi Da Kurame: Ina Rabon Kudancin Kano?

A cikin watan Janairu na shekarar 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, waɗanda a yanzu aka fi kira masu buƙata ta musamman. Abin da jama'a suka fi riƙewa daga cikin dokar shi ne wa'adin shekara biyar da aka bayar domin gyara gine-ginen hukuma yadda gurgu zai iya shiga da kekensa, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Amma akwai wani sashe da ya fi wannan nauyi ga ma'aikatan ilmi. Sashen ya ce kowace makarantar gwamnati, daga firamare har jami'a, ta zama tana da aƙalla ma'aikaci guda da aka horar domin kula da karatun irin waɗannan ɗalibai, kuma a shigar da rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Jihar Kano ma ta yi tata dokar naƙasassu a 2018.

To, wane ne wannan ma'aikaci, wa zai horar da shi, kuma wace takarda ce za ta tabbatar da cewa ya horu? A birni tambayar tana da sauƙi, domin makarantar Tudun Maliki tana nan tun ƙarshen shekarun 1970, tana karɓar kurame da makafi. Ga uban da yake zaune a Ba'awa ko Ɗansoshiya cikin Ƙaramar Hukumar Ƙiru, ko a Ririwai can bayan dajin Falgore, lamarin dabam ne. Ko dai ya ɗauki yaro ɗan shekara bakwai wanda ba ya ji, ya kai shi makarantar kwana a Kano, ko kuwa ya sa shi a firamaren garinsu inda zai zauna a ƙarshen aji yana kallon bakin malam. Sau da yawa kuma hanya ta uku ake bi, watau a bar shi a gida. 'Ya mace kuwa ita ce ta fi saurin faɗawa cikin wannan, don ba kowane uba ne zai yarda 'yarsa kurma ta yi nisa da idonsa ba.

Ba za a ce ƙasar nan ba ta da tarihi a wannan fanni ba. 'Yan mishan ne suka fara, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953. A 1960 wani Ba'amurke baƙar fata, kurma, mai suna Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. Gwamnati ba ta shigo sosai ba sai bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, lokacin da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe wa ilmin musamman babi guda. A wannan shekara aka kafa kwalejin horar da malaman ilmin musamman ta Tarayya a garin Oyo. Jami'o'in Ibadan da Jos suka buɗe sassa nasu, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu, har ga shi yanzu ana yin digiri na farko da na biyu da na uku a wannan fanni ba tare da an bar Kano ba. Saboda haka wurin koyo akwai shi. Abin dubawa shi ne hanyar da ke tsakanin ɗakin karatu na jami'a da ajin firamare na ƙauye.

Hukumar Yi Wa Malamai Rajista, wadda aka fi sani da TRCN, an kafa ta ne da doka ta 31 ta 1993, kuma ita ce mai ba da lasisin koyarwa a Nijeriya. Ta kasa malamai gida huɗu: masu digirin dakta a rukunin A, masu digiri na biyu a B, masu digiri na farko a C, masu takardar NCE a D. Wanda ya yi digiri a fannin da ba na koyarwa ba, sai ya ƙara da difloma ta PGDE kafin a yi masa rajista. Tun 1998 Manufar Ilmi ta ɗauki NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, tun 2017 kuma sai mutum ya ci jarrabawar cancanta, wadda ake yi a kan kwamfuta, sa'an nan a ba shi lasisin da zai riƙa sabuntawa bayan kowace shekara uku.

Wannan tsari ya yi amfani, ba mai musu. Ya rage ɗaukar kowane mai neman abin yi a danƙa masa alli. Sai dai ma'auninsa tsawon takarda ne. Wanda ya karanta tarihi, ya yi PGDE ta shekara guda, shi da wanda ya shafe shekara huɗu yana koyon ilmin kurame duk a rukunin C suke, lasisinsu iri ɗaya. Jarrabawar zaɓen amsa a kan kwamfuta za ta iya gano ko mutum ya san sunan Louis Braille da ɗigo shidan da ya gina rubutunsa a kansu, amma ba za ta iya gano ko zai duba aikin gida da makaho ya rubuta ya fitar da kuskure ba. Haka nan ba za ta gano ko zai iya bayyana wa kurma rabawa mai saura da hannuwansa ba. Ke nan idan sakataren ilmi na Bebeji ya so cika umurnin dokar 2019, ba shi da wata takardar hukuma da za ta rarrabe masa wanda ya iya da wanda ya ji labari. Darasin share fage na ilmin musamman da ake yi wa ɗaliban kwalejojin ilmi yana da kyau domin wayar da kai, amma ba ya mai da mutum gwani.

A Ingila an daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Wanda zai riƙe ajin kurame ko na makafi, bayan takardar zama malami, dole ne ya sami wata takarda ta biyu ta wannan fanni daga jami'ar da aka amince da ita, kuma ana ba shi shekara uku yana kan aiki ya kammala. Darasin da ke ciki shi ne, horon gaba da digiri an yi shi ne domin malamin da ya riga ya san aji, kuma yana komawa ajin. A wurinmu kuwa digiri na biyu a ilmin musamman yakan zama tsanin fita daga aji. Mai shi ya nemi lacca a kwaleji, ko kujera a ma'aikata, ko aiki da wata ƙungiyar agaji. Ba laifinsa ba ne. Tsarin albashi bai ba shi dalilin zama a Yaryasa ko Burumburum ba, alhali wahalar ajinsa ta ninka ta abokin aikinsa.

Akwai kuma batun harshe, wanda masu tsara manhaja ba su cika tsayawa a kansa ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu harshe tun kafin zuwan boko, shi ne maganar hannu, ko maganar bebaye. Da shi suke ciniki a kasuwa, da shi suke hira a dandali, har suna da sarkinsu kamar yadda makafi da guragu suke da nasu. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta buga littafi a kansa a shekarar 2000. Amma harshen hannun da ake koyarwa a kwalejoji ya samo asali ne daga na Amurka wanda Foster ya zo da shi, kuma harufansa na Ingilishi ne. Sai ka ga malami ya fito da takarda mai kyau, ya iske yaron Dariya ko Zainabi wanda da alamun gidansu da na garinsu ya tashi, su kasa fahimtar juna a makon farko. Manufar ƙasa ta daɗe tana jayayya da kanta game da harshen uwa a firamare, amma ko a lokacin da ta fi ƙarfafa shi, ba a tuna cewa kurma ma yana da harshen uwa ba. Duk lasisin da za a ba malamin kurame a Kano ya kamata ya haɗa da gwajin maganar hannu ta Hausa, kuma kuramen da suka yi karatu su zauna cikin masu gwajin. Su ne ma ya fi cancanta a fara ɗauka aikin.

Masu buƙatar kuwa ba kaɗan ba ne. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya ta kashe fiye da dubu goma sha ɗaya, ta bar yara da yawa a Arewa ba sa ji. Waɗannan yanzu magidanta ne. Sanƙarau da ƙyanda ba su daina zuwa ba, kuma inda asibiti ya yi nisa nan suka fi barin tabo.

Ta fuskar kuɗi, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, daga cikin wannan kuma aka yanka wa ilmin musamman kashi 2 cikin 100. Watau a cikin kowace Naira 10,000 ilmin tushe ya sami Naira 200, ilmin musamman ya sami Naira 4, sa'an nan a raba wa jihohi 36 da Abuja. Wannan ba zai horar da malamai ba. Dole nauyin ya koma kan jiha, musamman tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Yuni na 2024.

A ganinmu, cewa za a sa gwani a kowace makaranta nan kusa, magana ce ta takarda. Abin da zai yiwu shi ne a fara daga mazaɓa. Ƙiru tana da mazaɓu 15, Bebeji 14, Tudun Wada 11, Doguwa 10, jimla 50. Idan kowace mazaɓa ta sami malamai biyu, ɗaya na kurame ɗaya na makafi, mutum 100 ke nan. Su kasance suna da aji guda a babbar firamaren mazaɓar, suna kuma zagaya sauran makarantu a kan babur suna taimakon malaman aji, suna gano yaran da aka ɓoye a gida ta hannun masu unguwanni da dagatai. Kada a nemo su daga birni. A zaɓo su daga cikin malaman da suke aiki a ƙananan hukumomin nan, 'yan asalin wurin, masu iyali da gona a can, hukumar SUBEB ta biya musu kuɗin karatu a Jami'ar Bayero ko a Oyo da albashinsu yana tafiya, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi shekaru a mazaɓarsu. A haɗa musu da alawus na dindindin wanda yake bin ajin, ta yadda wanda ya koma ofis ya bar shi a baya.

Za a ce ai ba da lasisi aikin Tarayya ne, jiha ba ta da hannu. Gaskiya ne, kuma TRCN ce ya kamata ta ƙirƙiro hatimin ƙwarewa a kan lasisinta, wanda ba a samunsa sai da gwaji a gaban ɗalibai. Amma jiha ita ce mai ɗaukar aiki, kuma mai ɗaukar aiki yana da ikon gindaya sharaɗi a kan wanda zai ba aji. Ma'aikatar Ilmi ta Kano za ta iya haɗa kai da sashen ilmin musamman na Jami'ar Bayero da malaman Tudun Maliki su tsara gwajin, ta buɗe rajistar waɗanda suka ci, ta aika wa sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi 44 da sunayensu kafin a yi rabon malamai na zangon karatu mai zuwa.