Maraɗi da Jiratawa: siminti ya sauka, saura samun magini na amana

Tun bayan damanar 2024, wadda ta rusa dubban gidaje a jahar Maraɗi, magidanta da dama a birnin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa sun ƙudura cewa ba za su sake tayar da ɗaki da laka ba. Duk wanda ya sami ɗan hali yana neman birgin siminti, ƙarfe da tsakuwa. Wannan sauyi ya ɗora wa masu gini wani nauyi da bai kai nauyin sayen kaya fitowa fili ba, wato zaɓen mutumin da za a damƙa wa aikin kankare, ko beto kamar yadda masu sana'ar suke cewa. A nan ne kuɗin mutane da yawa ke salwanta, wani lokaci har da rayuka.

Abin da damana ta koyar

A ranar 30 ga watan Agusta na 2024, ruwan sama mai yawan gaske ya sauka a birnin Maraɗi cikin ƙanƙanin lokaci, inda hukumomi suka sanar da rasuwar aƙalla mutum 15. A faɗin ƙasa, ambaliyar wannan shekara ta shafi mutane fiye da miliyan 1, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba, domin makarantu da dama sun zama mafakar waɗanda gidajensu suka faɗi. Maraɗi na cikin jahohin da suka fi jin jiki.

Garin ya san irin wannan tun da daɗewa. A 1945 ambaliyar Gulbi ce ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, abin da ya sa aka mai da shi bisa tudu. Yanzu garin ya cika ya batse, sababbin unguwanni suna miƙewa ta hanyar Tibiri da ta Ɗan Isa, wasu filayen kuma suna bakin koramun da ruwa ke bi ya gangara fadama.

A watan Oktoba na 2024 hukumomin ƙasa suka rage farashin siminti da kusan kashi 35 cikin 100, aka tsayar da tan guda a kan jika 55 na sefa a Yamai, tare da ɗan bambanci daga jaha zuwa jaha gwargwadon nisanta da masana'antu irin ta Malbaza. Tan guda buhu 20 ne, ke nan buhu ya koma ƙasa da jika 3 a farashin hukuma. Matakin ya zo ne bayan wahalar da aka sha lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da kayan da aka saba shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya.

Da kaya suka yi sauƙi, aiki ya yawaita. Ƙwararrun magina kuwa ba su ƙaru da saurin da buƙata ta ƙaru ba. Sai ga yaron da bara yake tura baro, bana ya sayi cokalin gini da igiya yana karɓar kwangilar zuba dal.

Me ya sa kankare ya fi laka haɗari

Ginin laka idan zai gaza yakan nuna alama: bango ya jiƙe, ya tsage, azara ta lanƙwashe. Kankare kuwa yana ɓoye aibinsa a ciki. Da an zuba shi ya daskare, babu mai iya gani da ido ko siminti nawa aka sa, ko ƙarfe nawa ke kwance a ciki. Sannan ga nauyi. Mita ɗaya mai kusurwa shida ta kankare mai ƙarfe tana kai tan 2 da rabi. Rufin ɗaki mai mita 4 a tsaye, mita 4 a kwance, da kaurin santimita 12, ya kusa tan 5. A ƙarƙashin wannan nauyi ne iyali za su kwana shekara da shekaru.

Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi wajen ginshiƙai, katakon kankare da dal ita ce kilo 350 na siminti, wato buhu 7, a kowace mita mai kusurwa shida. A ma'aunin wurin aiki, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Maginin da ya sa buhu 5 a maimakon 7 ya ɓoye buhu 2. A kan rufin ɗakin da aka ambata, abin da zai ɓoye bai wuce buhu 4 ba, kuɗinsu bai kai jika 12 ba a farashin hukuma na 2024. Saboda wannan ɗan abu ne ake raunana rufin da aka kashe wa dubban ɗaruruwa.

Akwai wasu wuraren da ake rage wa aiki ƙarfi ba tare da an taɓa buhu ba. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa domin ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, amma duk ruwan da ya wuce ƙima yana barin ƙananan ramuka cikin kankare bayan ya bushe. Yashi mai laka yana hana siminti kama tsakuwa. Ana iya gane shi da gwaji mai sauƙi: a zuba yashin a kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye, idan laka mai kauri ta kwanta a sama, yashin bai dace ba. Ƙarfe ma ana wasa da shi: a sa mai lamba 8 inda ake buƙatar mai lamba 10 ko 12, ko a buɗa tazarar zobban da ke ɗaure ginshiƙi. Idan kuma ƙarfen ya manne da katakon da aka kafa, ba a bar masa kamar santimita 3 na kankare ya lulluɓe shi ba, damshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa ginshiƙin daga ciki.

Sai batun ban ruwa, wanda ya fi komai wuya a yanayin Maraɗi. Kankare yana samun ƙarfinsa ne ta hanyar haɗuwar siminti da ruwa, kuma yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfi. Aƙalla mako guda na farko dole a riƙa jiƙa shi safe da yamma. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ko cikin hunturu da iska ke busar da komai, dal ɗin da aka bari ba ruwa yakan tsattsage tun kwanakin farko. A unguwannin da famfo bai kai ba, ruwan saye ake yi a wurin ƴan garuwa, don haka ban ruwa shi ne abu na farko da ake tsallakewa idan ba a rubuta wanda zai biya shi ba.

Ƙasar Jiratawa daban take

Jiratawa, a gundumar Madarunfa, tana zaune ne a kwarin Gulbin Maraɗi. Filin noman raninta, wanda aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980 ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, shi ne ke kawo wa mutanen garin kuɗin zogale da sauran kayan lambu, kuma daga wannan kuɗi ne gidajen siminti da yawa ke tashi. Manoman wurin sun san kankare ta magudanan ban ruwa da rijiyoyi, sun kuma san abin da tsagewarsu ke jawowa.

Ƙasar kwari tana da laka mai kumbura da damana, ta tsuke da rani. Harsashin da zai riƙe gida a kan yashin tudun unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba lalle ne ya riƙe shi a fadamar Jiratawa ko ta Tibiri ba. Maginin da ya san aikinsa zai fara da haƙa rami ya duba ƙasar, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a damanar da ta fi yawa, sannan ya ɗaga daɓen gidan sama da wannan alama. Wanda ya yanke farashi tun bai taka filin ba, ya riga ya nuna irin aikin da zai yi.

Laifin masu gida

Ba magina kaɗai ke da alhaki ba. Mai gida da yawa yakan tara mutum uku ko huɗu, ya ba wanda ya fi araha, ya kuma ci gaba da taya shi har sai ribarsa ta ƙare. Maginin da ya karɓi aiki ƙasa da kuɗinsa zai nemo cikon a cikin siminti da ƙarfe. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, waɗanda ke turo kuɗi a yi musu gini, suna bin aikin ta hotunan WhatsApp. Hoto yana nuna tsawon bango, ba ya nuna abin da ke cikin ginshiƙi. Sau da yawa ɗan'uwan da aka wakilta bai san komai game da gini ba, kuma kunya tana hana a tuhume shi.

A da, ginin laka yana da shugabanci. Sarkin magina ya san kowane magini da wanda ya koya masa, kuma wanda ya ɓata aiki ya san inda za a kai ƙararsa. Aikin siminti ya bunƙasa a wajen wannan tsari, ba a kuma samar da wani da ya maye gurbinsa ga ƙananan gine-gine ba. Manyan ayyukan gwamnati, irin waɗanda aka yi lokacin bikin Maraɗi Kwalliya a 2015, suna da ofisoshin sa ido da gwajin kayan aiki. Talakan da ke gina ɗaki biyu da falo shi kaɗai yake fuskantar ɗan kwangilarsa.

Yadda ake tantance magini

Shaida mafi ƙarfi ita ce tsohon aiki. Gidan da aka gama jiya da sabon fenti ba ya faɗin komai. Abin dubawa shi ne ginin da ya ga damana uku ko huɗu, musamman wanda ya tsallake ta 2024, a kuma zanta da mai shi ba a gaban maginin ba: ko an gama a kan lokaci, ko an nemi ƙarin kuɗi a tsakiyar aiki, ko ya dawo gyara da aka kira shi.

Na biyu, takarda. Ko aikin ɗaki ɗaya ne, ya kamata a rubuta ƙiyasi dalla-dalla: buhu nawa, ƙarfe nawa kuma mai wace lamba, motar yashi da ta tsakuwa nawa, kuɗin hannu nawa, kwana nawa. A sa hannu gaban shaidu biyu ko gaban mai unguwa. Idan aikin babba ne, kamar bene ko jerin shaguna, a nemi kamfanin da ke da rajistar kasuwanci da lambar haraji, a kuma nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari. Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta ɗora wa ɗan kwangila alhakin ginin da ya rushe saboda aibin aikinsa har tsawon shekara 10, amma alƙali zai fara tambayar shaidar cewa shi ne ya yi aikin.

Na uku, tsarin biya. Wanda ya ba da rabin kuɗi tun ba a haƙa harsashi ba, ya miƙa wuyansa. Hanyar da ta fi tsaro ita ce biya mataki-mataki: bayan harsashi, bayan bango ya kai kan taga, bayan dal, sannan a riƙe wani ɗan kaso har damana ta wuce, kamar yadda ake yi a kwangilolin gwamnati.

Akwai tsari biyu da aka saba. Ko mai gida ya sayi kaya da kansa ya biya kuɗin hannu, ko ya ba da aikin da kayansa. Na farko yana cire wa magini dalilin rage siminti, amma yana buƙatar mai tsaron kaya da ƙidayar buhunan da aka buɗe kowace yamma. Na biyu ya fi hutu, ya kuma fi buƙatar amana. Kowanne aka zaɓa, akwai ranakun da bai kamata mai gida ko wakilinsa ya yi nisa ba: ranar zuba harsashi, ranar ginshiƙai da ranar dal. Kafin a zuba, a ƙirga ƙarfen a ɗauki hotonsa. Biyan wani masanin gini mai zaman kansa ya zo ya duba a waɗannan ranaku uku bai kai kuɗin gyaran ginshiƙi ɗaya ba. Haka nan kada a yarda a cire katakon da ke tallafe da dal kafin mako uku, ko da mai hayar katakon yana matsawa.

Abin da ya rage wa hukumomi

Rage farashin siminti ya buɗe wa mutane ƙofa, amma ingancin abin da ake ginawa da shi yana hannun ƙananan hukumomi. Maraɗi tana da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi. Ana iya amfani da su a shirya wa magina gajeren horo a kan ma'aunin kwaɓi da ɗaurin ƙarfe, a ba su takardar shaida, ma'aikatar magajin gari kuma ta ajiye sunayensu inda kowa zai iya dubawa, tare da cire sunan wanda aka tabbatar ya ɓata aiki. Masu buga birgi ma suna buƙatar sa ido, domin buhun da ya kamata ya fitar da birgi kusan 30 wasu suna matsa shi ya fitar da fiye da haka nesa ba kusa ba, har birgin ya riƙa marmashewa a hannu.

Yawancin gine-ginen da ake yi a Jiratawa da Tibiri ana fara su ne bayan kaka, a hanzarta gamawa kafin ruwan Yuni. Wannan gaggawa ita ce ke sa a tsallake ban ruwa, a cire katako da wuri. Magidancin da kuɗinsa bai kai dal mai inganci ba, gara ya tsaya a bango mai ƙarfi da rufin kwano, ya jira kaka mai zuwa.