Sanyin Inji Ba Lafiya Ba Ne

Makon jiya na hau wata akori-kura daga Burumburum, an lafta mata buhunan masara za a kai Kwanar Ɗangora. Muna tafe sai direba ya nuna mini allurar zafi tana kwance can ƙasa, ya ce, "Malam, tun da bakanike ya cire mata tamostat ba ta ƙara yin zafi ba." Shi yana murna, ni kuwa tausayinsa nake ji. Wannan al'ada ta bi motocin ɗaukar amfanin gona da taraktocinmu tun daga Bebeji har Doguwa, kuma ina ganin ɓarna ce.

Tamostat ɗin nan wata 'yar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto, da ɗan kaki a cikinta. In inji na da sanyi tana rufe, don ruwan da ke jikinsa ya yi saurin ɗumi. Kadan zafi ya kai wajen digiri 82, ko abin da aka buga a jikinta, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura ta ta buɗe, ruwa ya tafi lagireto ya huce.

Bakanikai suna cewa wai don ƙasar Turai aka yi ta. To, wanda ya taɓa tad da tarakta da asuba cikin hunturu a ƙasar Doguwa ya san mu ma muna da namu sanyin. Ko da bazara ma, an ƙera inji ne ya yi aiki da zafinsa. In ya rasa shi, mai ba ya ƙonewa sarai, sai hayaƙi da yawan sha. Ragowar man kuwa yakan wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ringi su yi ta cinyewa. Ba a ganin wannan ran ɗaya. Sai damina ta sauka, ana rububin huɗa, a ce tarakta ta rasa ƙarfi, sai an sauke inji. An gudu gara, an tad da zago ke nan.

Gane ta ba wuya. Da safe, kafin inji ya ɗumama, ka tad da shi, ka riƙa taɓa tiyon sama wanda ya shiga lagireto, amma ka yi nesa da fanka. In lafiya lau ne, tiyon zai zauna da sanyi 'yan mintoci, sa'an nan ya ɗauki zafi gaba ɗaya. In kuwa tun farko ya soma ɗumi kaɗan kaɗan, ƙofar ta maƙale a buɗe, ko kuma babu ta sam. In tiyon ya yi zafi yadda ya kamata amma allura ba ta motsa ba, to, allurar ce ko wayarta, kada a ɗora wa tamostat laifi.

Wanda ke son tabbatarwa ya bari inji ya huce, ya ciro ta. In ya same ta a buɗe tana sanyi, ta mutu. In a rufe take, ya rataye ta da zare cikin tukunyar ruwa bisa murhu. Ya kamata ta buɗe kafin ruwa ya tafasa, ta koma ta rufe in ya huce.

Na yarda, wadda ta maƙale a rufe takan tafasa inji, kuma in a tsakiyar dajin Falgore ne, cire ta a kai gida ba laifi. Amma a sayi sabuwa a mayar, kuɗinta bai kai na ringi ba. Yawancin zafin da ake kuka da shi ma ba daga gare ta yake ba. A duba ƙaiƙayin shinkafa da ƙura da suka toshe fuskar lagireto, da fambel da ya saki, da laka ta ruwan rafi da yaran mota ke ɗurawa.