Lissafin Kasuwar Kamba da Aikin da ke Gaban Masana Hausa

Garin Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi ta Jihar Kebbi, yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kusa da Gaya. Daga Gaya kuwa, da an ƙetare kogin Kwara an shiga Malanbil ta ƙasar Benin, wadda ƙasar Bagudo ma ke iyaka da ita. Saboda haka ɗan kasuwar wannan yanki da kuɗi iri biyu yake hulɗa, wato naira da sefa, kuma da ka yake lissafinsa. Amma ɗansa da ke makarantar sakandare, da zarar an ce ya rubuta ƙa'idar miƙaƙƙen layi, sai ido ya raina fata. Babu shakka laifin ba na ƙwaƙwalwar yaron ba ne. An raba darasin ne da harshen da ya san abin a cikinsa.

Alal misali, Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga sefa, kowace dala sefa 5. Dala 20 sefa 100 ke nan, dala 200 kuwa sefa 1,000, wadda ake kira jika. Mai tallan goro ma ya san a riɓa yawan dala sau biyar a sami sefa. To, ai ƙa'idar ke nan: y = 5x.

Sai dai ba kowane lissafi ne ke farawa daga sifiri ba. A ƙaddara wani falke zai kai albasa Gaya, ana karɓar naira 500 a kan kowane buhu, sannan akwai naira 2,000 na tasha da zai biya ko buhu nawa ne. Buhu 10 za su ci naira 7,000. Ɗalibin da ya haddace darasi da ka zai ce buhu 20 naira 14,000 ne. Falke kuwa zai ce 12,000, domin ya san ba a biyan kuɗin tasha sau biyu. Wato ƙa'idar gaɓa biyu gare ta: wadda ke tafiya da yawan kaya da wadda ke tsaye, y = 500x + 2,000. Ana iya kiran ta farko “taku”, ta biyu “tushe”. Yaron da ya ji waɗannan sunaye ya ga hoton layin tun kafin a zana shi a allo.

Bugu da ƙari, kasuwar tana koyar da inda ƙa'ida ke tsayawa. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro, kowane yuro sefa 655.957, don haka takun bai sauya ba. Tsakanin naira da sefa kuwa, farashin 'yan canji na safe yana iya bambanta da na yamma, kuma ƙa'idar da aka rubuta jiya takan jawo hasara yau.

Wasu na cewa lissafi ba shi da harshe, alamominsa ɗaya ne a ko'ina. Gaskiya ne, amma kafin a kai ga alama sai an fahimci tambaya, ita kuwa tambaya da harshe ake yin ta. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, sai dai manufa ba ta koyarwa idan babu kalmomi. A 1990 an fito da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Lissafi ma ya cancanci irin wannan himma.

Ya kamata sassan Hausa su haɗa kai da sassan lissafi, a tura ɗalibai masu rubuta kundin digiri kasuwanni irin ta Kamba, su tattaro kalmomin awo da canji da riba daga bakin masu sana'ar. Sa'an nan a tace su, a gwada su a aji kafin a buga.