Attajirin Indiya da akwatinsa mai magana

Ƴan uwa mata, wannan karon za mu leƙa Indiya, wajen Vijay Shekhar Sharma, mai kamfanin Paytm na biyan kuɗi ta waya. An haife shi a 1978 a yankin Aligarh, ubansa malamin makaranta ne. Da harshen Hindi ya yi karatu, da ya shiga babbar makaranta a Delhi sai ya tarar da Turanci ake koyar da komai. Mu da muka fara riƙe alƙalami da goyo a baya mun san wannan zafin.

A 2010 ya buɗe Paytm, da farko don sa wa waya kuɗin kira. Kasuwarsa ta buɗe ran 8 ga Nuwamba 2016, daren da gwamnatin Indiya ta soke takardun rupi 500 da 1000. Kuɗin hannu suka yi wuya, har mai shayi ya koma karɓa ta waya. Ƴan Maraɗi masu ciniki da naira sun ɗanɗana irin wannan a farkon 2023. A 2017 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa a kan miliyar 1 da miliyan 300 na dala. Dalar Amurka fa, ba tamu da ko ƙosai ba ta saya!

Abin da ya fi burge mu cikin aikinsa wani ɗan akwati ne mai lasifika da ake ajiyewa bisa teburin mai sana'a. Mai saye na biya, akwatin zai faɗi yawan kuɗin da ƙarfi, cikin harshen mutanen wurin. Ba sai kin iya karatu ba, ba sai kin saki ludayi kin duba waya ba, kuma ba mai nuna miki saƙon ƙarya ya wuce da kayanki. Amma ba kyauta ba ne, haya ake biya duk wata. Ɗan kaɗan ne a wajen mutum guda, sai dai masu biya miliyoyi ne.

To, ran 31 ga Janairu 2024 babban bankin Indiya ya hana bankin Paytm karɓar sabuwar ajiya saboda saɓa ƙa'idoji. An bar mutane su cire kuɗinsu, amma hannun jarin kamfanin ya faɗi warwas, dukiyar maigidan ta ragu tare da shi.

Wannan ya shafe mu, don wasu ƙungiyoyinmu sun fara maganar zuba asusu a waya. Ba mu ƙi ba, ya fi ɗaukar kuɗi a ƙugu zuwa kasuwa. Amma akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku, ita kuwa waya lambar sirrinta guda ce. Da sunan wa aka yanki layin? In mai sunan ta yi tafiya, ko Allah ya yi mata rasuwa, wa zai cire? Nawa ake yanka in za a fitar da jaka hamsin ranar rabo? Ma'aji ta je wajen wakilin kamfanin tare da masu makulli, su rubuto mana amsa kafin zama mai zuwa.